Abin da Baba Ya Gani a Ƙarfen Sabis

Ku yi haƙuri da shirun kwana tara da kuka ji. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in dai ba zan auri Mai Hoto ba in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa, na gode da wannan tausayi. Gajiya ce ta hana ni rubutu, irin wadda ko an yi barci ba ta sauka. Yau dai na ce sai na amayar da abin da ke cikina, don ya fi ƙarfina ni kaɗai.

Ga waɗanda yau suka fara biyo mu: mahaifina mai gyaran kyamara ne, shekara talatin da ɗoriya a shago ɗaya, ƙarƙashin wani tsohon bene, tsakanin mai ɗinkin labule da mai gyaran agogo. Ni ce autarsa. A sanin mutane, aikina a shagon shara ne da ɗaga waya da rubuta sunan masu kaya. Abin da ba wanda ya sani, har Mama, shi ne shekara biyu ke nan Baba bai kwance ko sukuru ɗaya ba. Tsakiyar ganinsa ta tafi. Yana ganin gefe-gefe, yana gane mutum ta tafiyarsa da muryarsa, amma duk abin da ya tsura wa ido sai ya dushe. A ɓoye muka je wurin likita, aka ce ba ya dawowa. Muna fitowa ya tsaya a bakin ƙofar asibitin ya ce, “Uwata, maganar nan daga ni sai ke. Mamanki jininta hawa yake. Mutane kuma in suka ji, ko fitilar hannu ba mai sake kawo mana.”

Na yi masa alkawari. Tun daga ranar, shi ke zama a gaba da madubin ƙara girma a goshi da wata matacciyar kyamara a buɗe a gabansa, ni kuma ina bayan labule ina aikin da ya koya min tun ina 'yar shekara goma. Wanda na gama, in ɗora a tire mai jan ƙyalle kusa da hannunsa na dama. In mai kaya ya zo, Baba ya miƙa masa, ya karɓi godiya.

Sai ga Mai Hoto. Hotunan ƙwallo yake ɗauka, shekara uku yana kawo mana aiki, shekara guda yana nemana. Yanzu wata jarida ta ɗauke shi aiki a wani gari mai nisan yini guda a mota, ƙarshen wata zai tafi, kuma yana son amsata kafin nan. Ina son sa. Na faɗa, kada wata ta sake tambayata a ƙasan rubutu. Amma in na bi shi, wa zai zauna a bayan labulen?

Ranar Litinin da hantsi ya shigo, sanye da rigar nan tasa mai aljihu barkatai, rungume da wani abu a cikin tawul kamar jariri.

“Baba, ina kwana. Sakatariya, an tashi lafiya?”

Sakatariya yake ce min. Ni kuma a wayata “Kwastoma Mai Naci” na sa masa, har yau ban canja ba.

Ya buɗe tawul ɗin. Idon kyamara ne, irin dogon nan mai zum da ake janyo nesa kusa da shi, wanda mu a shago muke ce wa dogon ido. Tsoho ne tukuf, fentinsa ya koɗe a inda yatsu ke kamawa. Na yayansa ne da ya rasu, da shi ya koyi aiki, kuma shi kaɗai ne dogon da yake da shi. In an karkata shi ƙasa sai bututun ya zurmo da kansa, in an murɗa zum sai ya cije a tsakiya.

“Wuri uku na kai shi, Baba. Kowa ya ce an daina yin kayansa tun ina firamare. Na ce to, saura hannu ɗaya a garin nan.”

Baba ya karɓa, ya kai kunne, ya girgiza a hankali, ya murɗa gaba ya murɗa baya.

“'Yan tayoyin ciki ne suka cinye. Uku ne. Ɗaya ma ta fashe, ga ta nan tana yawo. Ka zo Juma'a da la'asar.”

Kunnen Baba da yatsunsa ba su taɓa yin ƙarya ba, wannan kam na shaida. Sai dai shi ya yanke rana, ni zan sha wuya. Mai Hoto ya yi godiya, ya zo fita ya rage murya daidai inda nake tsaye da tsintsiya.

“Juma'a ke nan abu biyu zan karɓa.”

Na yi kamar shara ta ɗauke min hankali.

Da yamma na tarar da Mama a falo tana ninke wanki, fankar nan tamu mai kukan tsiya tana juyi a sama. Ko mayafi ban cire ba ta fara.

“Ya kira ni ya gaishe ni. Yaro mai ladabi. Ya ce Juma'a.”

“Na ji, Mama.”

“Kin ji me? Auta, ki dube ni. Yaron nan shaye-shaye yake yi?”

“A'a.”

“Ya taɓa yi miki rashin mutunci?”

“A'a.”

“Ba kya son sa?”

Na hau cire ɗankunne.

“To mene ne? Shara ce ba za ki iya rabuwa da ita ba? In tsintsiya ce, wallahi ni zan saya miki sabuwa ki tafi da ita.”

Baba yana kujerarsa ta kusa da taga, ya buɗe jarida yana kallon ta kamar mai karatu. Na ga yadda ya matse gefen takardar.

Ina shiga ɗaki saƙon murya na Yaya ya shigo, minti huɗu da daƙiƙa goma. Yayata tana gidan mijinta da 'ya'ya uku, kuma ba ta taɓa yin saƙon da bai kai minti huɗu ba. Na kwanta a kan gado da doguwar rigar aiki mai tabon giris a hannu, na saurara. Wai ruwan ido ne ke damuna. Wai shekara ashirin da bakwai ba ta jiran kowa. Wai Mama tana kuka in ba na nan. Wannan na ƙarshen ne ya fi yi min ciwo. Na tura mata hoton hannu biyu na addu'a, na kifa wayar.

Talata na buɗe dogon ido. Sukurori goma sha tara, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba, na jera su a kan farin ƙyalle bi da bi. Abin da Baba ya faɗa shi na tarar: 'yan tayoyin roba uku masu gudu a cikin tsagi in an murɗa zum, biyu sun siɗe, ɗaya ta rabe biyu. Na kira duk wanda na sani mai tara matattun kaya. Wani ya yi min dariya, wani ya ce in duba gidan tarihi.

Na kai wa Baba ragowar tayar a tafin hannu. Ya murza ta tsakanin yatsu ya daɗe.

“Ba ni bironki.”

Na miƙa masa. Ya zare hanjin biron, ya haɗa da tayar ya murza su tare.

“Kaurinsu ɗaya. Ki yanka inda babu tawada. Ramin ya yi ƙanƙanta, ki buɗa shi da allura mai zafi, kaɗan-kaɗan. Rashin uwa ai shi ke sa a yi uwar ɗaki.”

Na yi dariya, rabona da dariya a shagon nan har na manta. Biro shida na kashe kafin in samu tayoyi uku masu kyau, ina yanka da reza ina gogewa da sanfefa, ina ɗauka da hantsaki suna tsalle suna ɓacewa a ƙasan tebur. Da na sa su, zum ya riƙa tafiya sumul. Da a nan na tsaya da ban ba ku wannan labarin ba.

Amma na ga giris ɗin wurin saita gani ya bushe ya zama kamar danƙo, na ce tunda an buɗe bari in wanke. Wurin nan bututu biyu ne da ake murɗa ɗaya cikin ɗaya, kamar kwalba da murfinta. Bambancin shi ne murfin kwalba ta ko'ina ka fara zai rufu daidai, wannan kuwa bakin shiga goma sha biyu gare shi, kuma ɗaya ne kawai na gaskiya. In ka shiga ta wani bakin, komai zai ɗauru lafiya lau, abin kusa zai fito, amma na nesa ba zai taɓa fitowa ba. Shi ya sa dokar farko da Baba ya koya min ita ce: kafin su rabu, ka ja alama da tsinin allura daidai inda suka saki juna.

Ina murɗawa a hankali, allura na hannuna, sai waya ta yi haske a gefen tebur.

“Sakatariya, na ga gidan da zan kama a can. Akwai wani ɗan ɗaki mai taga babba. Ban san me za a yi da shi ba, na ce ke za ki sani.”

Na karanta sau biyu. Ban san hannuna bai daina murɗawa ba sai da na ji bututun ya faɗo a cinyata. Sun rabu, babu alama.

Jama'a, na daɗe zaune ina kallon su. Ban yi kuka ba, ko ƙarfin kukan ba ni da shi. Kuma ban faɗa wa Baba ba. Mutumin da ya damƙa min sunansa na shekara talatin, in je in ce masa saƙon saurayi ya sa na karya dokar da na sani tun ina 'yar shekara goma? Na haɗiye.

Hanya ɗaya ce ta rage: gwada bakin ɗaya bayan ɗaya. Kowane gwaji sai an mayar da komai, gilasai da zobba da sukurori goma sha tara, a ɗaura a jikin kyamara, a leƙa ta tagar baya a nemi wani abu mai nisa. In bai fito ba, a sake kwancewa. Awa ɗaya da rabi, in hannu bai yi rawa ba. Laraba na gwada uku. Alhamis na gwada huɗu, tsakanin ɗaga waya da wasu ƙananan gyare-gyare. Wuyana ya sage, idanuna suna yaji, in na rufe su sukurori nake gani.

“Uwata, yaya dogon ido?”

“Saura kaɗan, Baba.”

A gida kuma Mama ta daina yi min faɗa, ta koma abin da ya fi faɗa ciwo. Ta ciro min wata doguwar riga ruwan ganye da mayafinta, ta goge, ta rataye a jikin ƙofar ɗakina. Yaya ta turo minti shida.

Juma'a na sa rigar, don ba ni da ƙarfin wata rigima. Na ɗora tsohuwar rigar Baba a kai saboda giris. Na takwas bai yi ba. Na ɗaura na tara ke nan, ina ƙara sukuru na ƙarshe, ban kai ga gwadawa ba, sai na ji muryar da ba ta taka shagon nan ba tun bara.

“Ina take?”

Mama ce, da jakarta da flas ɗin shayi, ta sha turare. Na yi wuf na cire rigar Baba na cusa a ƙasan tebur, na rufe kayan aiki da jarida, na fito da dogon ido a hannu kamar mai goge ƙura.

“Ajiye musu kayansu ki zo, magana zan yi da ke.”

Ta riga ta dire jaka da flas a kan kantar shagon, babu wuri. Na ajiye dogon ido a inda hannuna ya saba, ban ko duba ba. A kan jan ƙyalle.

Ta ja ni bayan labule, ta zauna a kan kujerata, ta dubi ɗakin ta yatsine fuska.

“A nan kike yini? Ko iska babu.” Ta kama hannuna ta juya. “Dubi farcenki. Wace irin shara ce ke baƙanta farce haka?”

“Mama...”

“Ban zo faɗa ba. Na zo ne in ji da kunnena. In kin ce ba kya so, wallahi ba mai tilasta miki, ni zan ba shi haƙuri da bakina. Amma ki ba ni dalili, Auta. Ni na haife ki. Wata nawa ina kallon ki kina ramewa, ki shigo gida kamar wadda ta yi dako. Me kike ɓoye min?”

Idonta ya kawo ruwa. Da faɗa ta yi da na iya. Maganar ta taso min har baki, na danne ta da haƙori. Ina cikin neman ƙaryar da zan yi, sai na ji sallama a gaba, sannan na ji ƙarar da na sani sarai: ƙas, an ɗaura ido a jikin kyamara. Mai Hoto ya zo da wuri.

Ku gane, Baba yana da al'adarsa. Duk dogon idon da zai bar shagon, sai ya fita bakin ƙofa ya saita shi a kan ƙarfen sabis na waya da ke can bayan gari, ya tabbatar nesa ta fito, sannan ya miƙa. Da can gwaji ne na gaske. Shekara biyun nan kuwa ni nake gwadawa ta tagar baya, shi yana yi ne don idon mutane, yana dogara da jan ƙyalle.

Na banko labule na fito. Na makara. Yana tsaye a bakin ƙofa, ƙafa a ware, kyamara a fuska, ya murɗa har ƙarshe da wannan yanga tasa ta tsohon gwani.

“Tas!” ya ce. “Har ƙusoshin jikin ƙarfen ina ƙirgawa. Ga wata tattabara ma a sama. Karɓi ka gani, ɗana.”

Na tsaya ina roƙon Allah ya sa na tara ne na gaskiya.

Mai Hoto ya karɓa da murmushi, ya kai ido. Ya murɗa. Ya dawo da shi baya, ya sake murɗawa har ƙarshe. Murmushin ya tafi. Ya sauke kyamarar ya dubi ƙarfen da idonsa, ya dubi Baba da ke fuskantar sa yana jiran yabo, idanunsa sun ɗan kauce gefe kamar kullum. Sannan ya dube ni. Ya dubi hannuna, da baƙin giris a farce, da ƙaramar sukudireba da na manta ina riƙe da ita.

Ban san tsawon shirun ba. Mai gyaran agogo yana ta ƙwanƙwasa wani abu a maƙwabta.

“Tas kuwa, Baba,” ya ce. “Kamar sabo. Allah ya ƙara wa hannun nan albarka.”

“Ku ba ni in ga abin da ake ta yabo,” in ji Mama daga bayana.

Kafin in yi motsi ya rataya kyamarar a wuya ya rungume ta.

“Mama, nauyi gare shi, sai ya sa miki ciwon wuya. Zan wanko miki hoton ki gani.” Ya juyo wurin Baba. “Sai dai zan bar shi nan zuwa Litinin, jakarsa na manta a gida, kada ƙura ta shiga.”

Jakar tana rataye a kafaɗarsa. Mama ta dube ta, ta dube shi. Ya cire dogon ido ya miƙo min da hannu biyu, ni, ba Baba ba. Bai tambayi abu na biyun da ya zo karɓa ba. Ya yi sallama ya tafi.

Mama ta ɗauki jakarta a fusace.

“Kin kore shi da wannan fuskar taki. Shi ke nan, hankalinki ya kwanta.” Ta fita ko flas ɗin ba ta ɗauka ba.

Muka rage ni da Baba. Ya lallaɓa ya zauna, ya cire madubin goshinsa ya ajiye a kan matacciyar kyamarar. Na tsaya rungume da dogon ido.

“Bai fito ba, ko?”

“Baba, laifina ne. Ban ja alama ba, na ji kunyar faɗa maka, kuma ban gwada...”

“Ba wannan na tambaye ki ba. Me ya gani?”

“Ba komai. Dishi-dishi.”

Ya gyaɗa kai.

“Na ji a muryarsa. Shekara talatin ina miƙa wa mutane kayansu. Wanda ya ga abu tas ba ya yin shiru kafin ya yi magana.” Ya shafa fuska da tafin hannu. “Har da tattabara na ce masa.”

Nan ne kukan ya zo. Na durƙusa a gefen kujerarsa, ya dafa kaina. Wayata ta yi gurnani a aljihu, ta sake, ta sake. Na san wane ne, ban ciro ta ba, kuma har yanzu da nake rubuta muku wannan ban buɗe saƙon ba.

“Yaron da zai yi ƙarya don kada tsoho ya ji kunya,” in ji Baba, “ba a barin sa ya tafi hannu rabbana. Na riƙe ki da yawa, Uwata.”

“Shagon fa, Baba?”

Ya juya fuskarsa wajen ƙofa.

“Mamanki ba ta yi nisa ba, ba ta da sauri. Bi ta ki dawo min da ita.”

“In ce mata me?”

“Ki ce ta zo ta riƙe min hannu mu tafi gida. Ki ce mata ba na ganin hanya.”